Burodi da soyayyen dankali: Abin da ya haɗa Dayi da arewacin Ingila

Ƙarfe bakwai na safiyar hunturu, hazo bai gama washewa ba, amma mararrabar Dayi ta riga ta farka. Motocin da suka taso daga Funtuwa da Malumfashi suna ɗan tsayawa, wasu su miƙe Katsina, wasu su karya ta hanyar Gwarzo su nufi Kano. A bakin titi mai shayi ya jera burodi kamar bulo. Can gefensa wata dattijuwa ta ɗora kasko, tana tsamo ƙosai da dankali daga mai tana zubawa a kwando.

Wani ɗan makaranta, hannu ɗaya cikin aljihu saboda sanyi, ya sayi gutsuren burodi wurin mai shayi, ya matsa gaban kaskon. "Iya, ina kwana? A ba ni dankali na ɗari, a sa yaji da yawa." Ya tsaga burodin da yatsa, ya cusa dankalin da zafinsa, ya matse da tafin hannu. Amma kafin ya kai baki sai da ya waiga hagu da dama, don kada wani ɗan ajinsu ya gan shi ya je ya ba da labari.

Wannan waiwayen ne ya jawo rubutun nan. Da yawa daga cikinku na ganin burodi da dankali, ko burodi da ƙosai, abincin wanda kuɗin tararsa bai kai na Indomie da ƙwai ba ne. To ku saurara: a can Birtaniya akwai abinci iri ɗaya sak da wannan, kuma mutanen ƙasar ba sa ɓoye shi. Alfahari ma suke yi da shi.

Mene ne chip butty?

Sunansa ke nan a Ingila, chip butty. Kalmar farko tana nufin dankalin Turawa da aka yanka dogo-dogo da kauri aka soya. Ta biyu kuma ta samo asali ne daga sunan bota a Turanci, kuma haka mutanen arewacin Ingila suke kiran burodin da aka shafa wa bota. Haɗa shi ba wuya: a samu farin burodi mai laushi, a shafa masa bota, a jera soyayyen dankali da zafinsa, a barbaɗa gishiri, a yayyafa ruwan khal ko miyar tumatir ta kwalba, a rufe da wani yankin burodin, a danna. Zafin dankalin ya narkar da botar, ta jiƙa burodin. Shi ke nan, babu nama, babu ƙwai, babu ganye.

Kamar yadda wani gari ke cewa waina wani ya ce masa, su ma kowane yanki da sunan da yake kiran sa. A wajejen Manchester za ka ji chip barm, a tsakiyar Ingila su ce chip cob, saboda kowa da sunan da yake ba irin dunƙulen burodinsa. Masu kallon ƙwallo a cikinku za su so jin wannan: magoya bayan ƙungiyar Sheffield United suna da waƙa ta musamman da suke rerawa a filinsu na Bramall Lane, wadda aka fi sani da sunan wannan abinci. Dubban mutane ne ke ɗaga murya a lokaci guda suna ambaton burodi da dankali cikin abubuwan da ke tuna musu da garinsu.

Abincin 'yan masaƙa

Tun a ƙarni na 18 Turawan Ingila suka fara kiran burodi mai haɗi a tsakiya da sunan sanwic, daga sarautar wani basarake, John Montagu, wanda ke riƙe da muƙamin Earl na Sandwich. Amma na masu hali nama ake sa masa. Na dankali daga baya ya zo, kuma daga hannun talakawa ya fito.

A ƙarni na 19 garuruwan arewacin Ingila, musamman na lardin Lancashire kamar Manchester da Oldham da Bolton, suka cika da masaƙu. Maza da mata har da yara suna shiga aiki da asuba, su fito da duhu, bayan sa'o'i goma ko fiye a tsaye gaban injin. Gidajensu ƙanana ne, albashi kaɗan, ga sanyi da ruwan sama kusan kullum. Uwar da ta wuni a masaƙa ba ta da ƙarfin hura wuta ta yi girki mai tsawo. A wannan hali ne shagunan soya kifi da dankali suka bayyana, wajen shekarun 1860. Ana yawan ambaton mutum biyu a matsayin waɗanda suka fara: Joseph Malin a birnin Landan, da John Lees a garin Mossley kusa da Oldham. Zuwa ƙarshen shekarun 1920 irin waɗannan shaguna sun haura 30,000 a Birtaniya, kuma har yau akwai su da yawa.

Kifi ya fi dankali tsada. Wanda aljihunsa bai kai ba sai ya sayi dankalin kawai, ya kai gida, a sa shi cikin burodi don ya ƙara auki ya ishi kowa. Dabara ce irin wadda kowace uwa a Dayi ta sani: idan miya ta yi kaɗan, a ƙara tuwo.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade yawan nama da sukari da bota da kowane mutum zai iya saya, sai da kati. Amma ba ta sa kifi da soyayyen dankali cikin wannan ƙayyadewa ba. Ta ma riƙa kira ga jama'a su ƙara cin dankali, tun da a ƙasarsu ake noma shi, ba sai an jira jirgin ruwa ba. Yaran da suka tashi a wannan zamani sun girma da ɗanɗanon dankali mai zafi a bakinsu, suka gadar wa 'ya'yansu da jikokinsu.

Zaren da ya ɗaure mu da su

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne ruwan Dayi da Lancashire? Amsar tana cikin gonakin kakanninku. Waɗancan masaƙu auduga suke ci, kuma auduga ba ta fita a Ingila. A shekarar 1902 aka kafa wata ƙungiya a Manchester mai suna British Cotton Growing Association, wadda aka fi sani da BCGA, don nemo wa masaƙun auduga daga ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Ƙasar kudancin Katsina na cikin wuraren da ta fi samun abin da take nema. Ta kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, kuma layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙaura Namoda ya sauƙaƙa kwasar kaya zuwa bakin teku.

Ku kwatanta abin a zuci. Manomi a ƙauyukan Dayi ya tsinci audugarsa da kaka, ya ɗora wa jaki, ya kai kasuwa aka auna. Aka gurje ta, aka ɗaure dila-dila, ta hau jirgin ƙasa, ta hau na ruwa, ta sauka a Ingila. Can wata yarinya da ba ta wuce shekarunku ba ta wuni tana lura da zarenta a injin, ta fito da yunwa, ta sayi dankali ta cusa a burodi. Shi a nan ya karya da koko da ƙosai. Ba su taɓa ganin juna ba, amma auduga ɗaya suka yi wa wahala, kuma kowannensu abinci mai arha, mai zafi, mai riƙe ciki ya nema.

Me ya sa ake kewarsa?

Turawa na da wani suna da suke ba irin wannan cima, wanda ma'anarsa ita ce abincin da ke kwantar da hankali. Ba wai ya fi kowane daɗi ko tsada ba ne. Abin da ya sa ake son sa shi ne abin da yake tunatarwa. Baturen da ya yi shekaru a wata ƙasa, ko wanda ya dawo daga aiki a gajiye, ko wanda ƙungiyarsa ta sha kashi, zai iya wuce babban gidan abinci ya je neman burodi da dankali, domin da shi mahaifiyarsa ta tarbe shi yana yaro.

Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun yi bayanin cewa saƙon ƙamshi daga hanci yana isa kai-tsaye kusa da sassan ƙwaƙwalwar da ke kula da tunani da motsin zuciya. Shi ya sa ƙamshin mangyaɗa a kasko kan iya mayar da mutum gidansu cikin ƙiftawar ido. Ku tambayi 'yan makarantar kwana. Bayan mako shida ana cin abincin makaranta, ba kaza suke mafarki ba. Ɗumamen tuwon gida suke tunawa, ko ɗanwake da mai da yaji, ko kwaɗon zogale, ko ƙosan wata mata ta bakin layinsu. Haka ɗan Malumfashi da ke aiki a Legas ko Fatakwal, idan ya sauka daga mota, kafin ya ƙarasa gida sai ya tsaya wurin mai waina. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Kuma ba mu da Ingilishi kaɗai ba. A birnin Mumbai na Indiya miliyoyin mutane na cin vada pav, wato dunƙulen dankali da aka soya aka sa cikin burodi da yaji, kuma shi ma tarihinsa na da alaƙa da leburori da ma'aikatan masaƙa. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu akwai Gatsby, dogon burodi cike da soyayyen dankali wanda ake yankawa a raba tsakanin abokai. A Kano kuwa gurasa ta daɗe tana wannan aiki, ko a yi bandashe da ƙuli-ƙuli da mai da albasa, ko a naɗe tsire a ciki. Duk inda aka tara masu aikin ƙarfi da ƙaramin aljihu, sai an ƙirƙiro irin wannan abinci.

Dankali biyu, gida daban-daban

Ga wani abin da zai yi muku amfani a darasin aikin gona. Dankalin da Iya ke soyawa a mararraba galibi na Hausa ne, mai zaƙi. Na chip butty kuwa dankalin Turawa ne. Sunan ne kawai ya haɗa su, amma ba dangi ba ne. Dankalin Turawa ɗan'uwan tumatir da barkono da gauta ne, kuma ƙwayarsa ake shukawa. Na Hausa kuma yaɗonsa ake yanka a dasa a kan kunya.

Abin mamaki, duka biyun baƙi ne. Dankalin Turawa ba daga Turai ya samo asali ba. Daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka yake, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya na yanzu, kuma sai a ƙarni na 16 Sifaniyawa suka kai shi Turai. Wanda muke kira na Hausa shi ma daga nahiyar Amurka ya fito. Na Turawan sanyi yake so, shi ya sa mafi yawan wanda ake ci a Najeriya daga Jihar Filato yake zuwa, musamman Bokkos da Mangu. Na Hausa kuwa ya saba da ƙasarmu da ranarmu, don haka ya fi arha a kasuwanninmu idan kaka ta yi.

Tarihin dankali na da darasi mai ɗaci. Talakawan ƙasar Ireland sun dogara da shi kusan shi kaɗai. Da wata cuta ta faɗa wa gonakinsu daga 1845, aka shiga yunwar da ta kashe kimanin mutum miliyan 1, wasu da yawa kuma suka yi hijira. Manomin da ke haɗa dawa da masara da wake da gyaɗa da dankali a gonarsa, kamar yadda ake yi a yankinmu, ya san abin da yake yi.

Me yake yi wa jiki?

A nan sai mun faɗi gaskiya. Burodi sitaci ne, dankali ma sitaci ne. Idan aka ci, jiki yana narkar da su su zama sukarin da ke ba da ƙarfi, man suyar kuma ya ƙara nasa: kowane giram na sitaci yana ba da kalori 4, na mai kuma 9. Ga wanda zai wuni yana ɗaukar kaya ko yana huɗa, wannan man fetur ne. Amma abin da ke gina jiki, wato furotin, kaɗan ne a ciki, kuma ku da kuke tsakiyar girma shi kuka fi buƙata. Farin burodi kuma yana saurin narkewa, shi ya sa wani kan ci ya ƙoshi da safe, kafin a fita tara ya ji cikinsa wayam, ko ya kama gyangyaɗi malami na tsakiyar darasin lissafi.

A nan ne namu ya sha gaban nasu. Idan ka sa ƙosai ko awara a cikin burodin, ka haɗa hatsi da wake ke nan. Furotin ɗin alkama yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda wake ke da shi da yawa. Shi kuma wake yana da ƙarancin wani da alkama ke cikewa. Idan suka haɗu sai su rufa wa juna asiri. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin wakenmu, waken soya kuma ga shi nan a gonakin Funtuwa da Malumfashi da maƙwabtansu. Wato burodi da ƙosan da wani ke ɓoyewa a bayan aji ya fi abin da ake yi wa waƙa a filin ƙwallon Sheffield gina jiki. Dankalin Hausa mai jan ciki kuma, wanda ake ta ƙarfafa wa manoma gwiwar nomawa, yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido.

Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata mai saye ya lura da su. Na farko mai: idan ya yi baƙi, yana kumfa ko hayaƙi, an maimaita suya da shi fiye da kima, kuma ba ya da kyau ga jiki. Na biyu gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma akwai gishiri a burodin, akwai a yajin, ga ɗanɗanon da aka daka a ciki. Na uku takardar naɗi: su ma Ingilishi da tsohuwar jarida suke naɗe dankalinsu a da, daga baya suka daina saboda tsafta. Tawada ba abinci ba ce, kuma ba ka san inda tsohuwar takardar jarrabawa ta kwana ba. Zuwa da ɗan kwano mai murfi daga gida ya fi.

Aljihu ma yana magana

Kun ga yadda burodi ke ƙanƙancewa kuɗinsa na ƙaruwa. Dalili shi ne mafi yawan alkamar da gidajen burodi ke amfani da ita daga waje ake shigo da ita, duk da cewa ana noma ta da rani a Kano da Jigawa da wasu jihohi. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar da alkama da man girki, farashi ya tashi a duniya. Masu shagunan soya dankali a Birtaniya sun koka da tsadar mai, masu gidan burodi a nan suka koka da tsadar fulawa. Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira suka ƙara dagula lissafin.

Saboda haka a yau burodin ne ya fi cin kuɗi a cikin haɗin, ba dankalin ko ƙosan ba. Ɗalibi mai dabara zai iya rage burodin ya ƙara ƙosai, ko ya bar shi gaba ɗaya wata rana ya sha koko ko kunun gyaɗa da dankali da awara. Duk daga gonakinmu suke, kuma kuɗin a gari zai tsaya. Ita ma Iya mai kasko sana'a take yi, wadda da ita ake sayen littafi da sabulu da takalmin makaranta a gidaje da yawa. Wataƙila ɗanta ko 'yarta na zaune kusa da kai a aji.

Abin da ba shi da kyau shi ne a tafi makaranta da ciki wayam saboda kunya. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda bai karya ba, ko malami ya fi kowa iya bayani, rabin hankalinsa na wurin ƙararrawar tara.

Ku gwada da kanku

Ranar da babu makaranta, ku nemi izini a gida ku gwada. A fere dankali biyu ko uku, na Hausa ko na Turawa, a yanka dogo-dogo kamar kaurin yatsa, a wanke, a tsane ruwan sosai da kyalle mai tsafta, domin ruwa da tafasasshen mai ba sa shiri. A soya a mai mai kyau har ya yi ruwan zuma, kada a bari ya ƙone. A tsaga burodi, a jera dankalin, a ƙara awara ko ƙosai ko dafaffen ƙwai, a sa yankakken tumatir da albasa da kabeji idan akwai, a barbaɗa yaji kaɗan. Ƙannenku kada su matso kusa da kaskon, kuma a samu babba a kusa.

Idan kun haɗa, ku yanka biyu ku kai wa kaka ko wani dattijo a gidan rabi. Yana ci ku tambaye shi: da me suke karyawa suna yara kafin su tafi gona ko makarantar allo? Yaushe ya fara ganin burodi a garin nan? Ina suke kai audugarsu a auna, kuma me ya ji ana faɗa game da BCGA? Ku rubuta amsoshin a bayan littafinku, ku kai wa malamin tarihi ko na Hausa ranar Litinin.